Gani Ya Kori Ji, Amma Ban Da Ɗakin Gwaje-gwaje

 

Duk wanda ya saba karanta abin da muke rubutawa da Hausa a kan kimiyya, a jarida ne ko a intanet ko a cikin ƙagaggun labarai, zai lura cewa ɗakin gwaje-gwaje a rubutunmu bebe ne. Za a shigar da kai wani ɗaki fari fes, ga kwalabe a jere, ga wani mai farar riga ya duƙufa yana leƙen madubi, daga nan sai a ce maka "masana sun gano". Babu ƙugin inji, babu tsuwwar firiza, babu wanda ya ɗaga hannu ya ce wa abokin aikinsa ya yi shiru. Ra'ayin da na zo da shi yau shi ne, wannan hoto guntu ne, kuma yana cutar mai karatu. Wanda ke son sanin yadda ake samar da ilimi a ɗakin bincike, ya shiga da kunnensa a buɗe, don abubuwa da yawa da ke gudana a can ido ba ya kama su.

Na san wani zai tare ni da karin maganar nan, gani ya kori ji. Maganar gaskiya ce a muhallinta. Jin da ake nufi a cikinta shi ne na "an ce, ka ce", wanda alƙali ba ya karɓa idan ga wanda ya gani da idonsa. Amma akwai wani jin daban. Bakanike a gareji yakan ce wa mai mota ya tayar da inji, ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, ya nuna inda matsalar take tun bai kwance ko noti ɗaya ba. Uwargida a kasuwa takan ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa kafin ta biya, don tsagar da ta ɓuya wa ido amo yana tona ta. Wannan jin shaida ce da kanta. Irinsa ne masana ke aiki da shi kullum, sai dai ba kasafai yake shiga rahotannin da suke bugawa ba.

Tun a shekarun 1970 wasu masu nazarin zamantakewa suka fara shiga ɗakunan gwaje-gwaje, suna zama tare da masana kamar yadda baƙo ke zama a ƙauye don ya ga yadda mutanen wurin ke rayuwa. Fitacce a cikinsu shi ne Bafaranshen nan Bruno Latour, wanda ya zauna a Cibiyar Salk da ke jihar Kalifoniya a Amurka daga 1975 zuwa 1977. A 1979 shi da Steve Woolgar suka fitar da littafinsu mai suna Laboratory Life. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne yadda komai a ɗakin yake ƙarewa a kan takarda: abin da aka tatsa daga jikin dabba ya shiga na'ura, na'ura ta zana layi, layi ya shiga jadawali, jadawali ya zama maƙala. Aiki ne mai kyau, kuma ya wayar da kan mutane da yawa. Sai dai waɗanda suka bi sahunsu sun fi karkata ga abin kallo, wato hotuna da zane da rubutu, kamar ana yin kimiyya ne a cikin fim ɗin da aka kashe wa murya.

A 2005 wani masanin tarihin kimiyya, Cyrus Mody, ya buga maƙala mai taken The Sounds of Science, wadda ya gina a kan zaman da ya yi da masu aiki da manyan madubai na zamani. Tambayarsa mai sauƙi ce: idan aka saurari ɗakin bincike, me za a sani wanda kallo bai nuna ba? Daga aikinsa da na waɗanda suka biyo baya, ana iya cewa sauti yana shiga ɗakin gwaje-gwaje ta ƙofa uku. Wani lokaci abokin gaba ne, wani lokaci ɗan aike ne, wani lokaci kuma shi ne ainihin abin da ake nema.

Mu fara da abokin gaba. Madubin lantarki yana faɗaɗa abu sau dubban ɗaruruwa. A irin wannan mataki, muryar mutum ko bugun ƙofa ko wucewar babbar mota a titi kan girgiza abin da ake dubawa, sai hoton ya yi dishi-dishi. Shi ya sa masu wannan aiki suke rage murya, wasu kuma su bar muhimmin awo sai dare ya tsala. A 1981, a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke kusa da birnin Zurik a Suwizalan, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera madubin da ke laluben saman abu da tsinin allura har ya nuna ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Babbar matsalar da suka yi fama da ita ita ce girgiza. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1986. A 2011 aka buɗe sabon gini a wannan cibiya mai ɗauke da sunayensu, da ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa waɗanda aka gina musamman don korar ƙara da girgiza. Na'urorin suna zaune a kan tubalan kankare masu nauyin tan da dama, mai aikin kuma yana sarrafa su daga wani ɗaki dabam, don motsinsa da ɗumin jikinsa ma damuwa ne. Ka ga ashe shirun da muke zaton haka kawai yake a ɗakin bincike, gina shi ake yi, da kuɗi masu yawa. Marubucin da ya tambayi waye ya biya kuɗin shiru, kuma waye ba shi da halin saye, ya riga ya samu labari.

Sai ɗan aike. Na'urori da yawa suna buƙatar a zuƙe iskar da ke cikinsu kafin su yi aiki. Famfon da ke wannan zuƙa yakan fara da kakari mai ƙarfi, yana raguwa a hankali yayin da iska ke ƙarewa. Idan kakarin ya ƙi lafawa, ƙwararre ya san akwai inda ke yoyo tun bai duba ma'auni ba. Na'urar nan da ke juya kwalaben jini da gudu don ta raba ƙwayoyi da ruwa, idan ba a daidaita nauyin kwalaben ba, ƙararta kan canja, kuma wanda ya san aikinsa zai kashe ta nan take. Karin Bijsterveld ta Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan, a littafinta Sonic Skills na 2019, ta raba dalilan sauraro a kimiyya da likitanci da aikin injiniya gida uku. Akwai sauraron gadi, wanda kake yi kana wani aikin, don ka san ko komai lafiya. Akwai sauraron gano matsala, wanda kake yi bayan ka san akwai abin da ya ɓaci, kana neman inda yake. Akwai kuma sauraron lalube, na wanda ke neman sabon abu da bai san kamarsa ba. Ku riƙe waɗannan ukun, don duk inda ake aiki da inji za ku same su, daga ɗakin tiyata har wurin niƙa.

Ƙofa ta uku ita ce inda sauti ya zama abin da ake nema. Na'urar auna tururin nukiliya wadda Hans Geiger da Walther Müller suka kammala a Jamus a 1928 tana magana ne da ƙas, ƙas, ƙas. Idan ƙas ɗin ya yi sauri har ya haɗe, mai riƙe da ita ya san ya matso wurin haɗari, alhali idonsa yana kan inda zai taka. A 1932, Karl Jansky na cibiyar binciken Bell a Amurka yana neman abin da ke ɓata wayar rediyo mai tsallaka teku. Ya ware ƙarar tsawa ta kusa da ta nesa, sai wani ɗan huci mai rauni ya rage, wanda ke kai ƙololuwa duk bayan awa 23 da minti 56. Wannan lokacin zagayen taurari ne. Daga nan ya gane cewa hucin yana zuwa ne daga tsakiyar babban gungun taurarin da ranarmu ke ciki, kuma da wannan aka buɗe fannin nazarin samaniya ta hanyar rediyo.

Misalin da na fi so shi ne na David Hubel da Torsten Wiesel a Jami'ar Johns Hopkins a 1958. Sun sa siririyar waya a sashen gani na ƙwaƙwalwar kyanwa, suka haɗa wayar da lasifika, ta yadda duk lokacin da ƙwayar jijiya ta motsa za a ji ta tana tartsatsi. Sun daɗe suna nuna wa kyanwar ɗigon haske da ɗigon baƙi a kan gilashi, ba wani abin kirki. Ana cikin zura gilashin a na'ura sai lasifika ta ɓarke kamar ana harbi. Ashe ƙwayar ba ruwanta da ɗigon. Inuwar gefen gilashin, wato siririn layi mai wucewa a karkace, ita ta tashe ta. Da haka aka gano cewa akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke amsa wa layi mai wata fuskanta ta musamman, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 1981. Ku lura da abin dariyar: yadda ido ke gani, da kunne aka fara kama shi. Idanunsu suna kan gilashi da allo, kunne ne ya rage a sake, kuma shi ya tsinci abin da ba a shirya nemansa ba.

Yanzu bari in zo inda maganar ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu alƙalami. A 1816, a wani asibiti a birnin Paris, likita René Laennec ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjin mara lafiya, ɗayan a kunnensa. Asalin abin sauraron ƙirjin da likitoci ke ratayawa a wuya ke nan. Ƙera bututun bai ba shi wahala ba. Wahalar ita ce yadda zai gaya wa likitan da ke wani gari abin da ya ji, a zamanin da babu na'urar naɗar murya. Ba shi da makami sai kalmomi. A littafinsa na 1819 ya kamanta wani sauti na huhu da tartsatsin gishiri a cikin kasko mai zafi, wani da minshari, wani da kukan kurciya. Muryar mara lafiyar da ruwa ya taru a ƙirjinsa ya kamanta ta da kukan akuya, kuma har yau sunan da likitoci ke kiran wannan alama da shi daga kalmar akuya ta Girkanci ya samo asali. Yana sauraron mara lafiya yana raye, idan ya rasu ya buɗe gawar ya ga abin da ya haifar da sautin, sannan ya zaɓi kamancen da ya dace. Wannan aikin marubuci ne tsantsa, kuma rayukan mutane sun rataya a kan dacewar kamancen. Gishiri da akuya ya ɗauko, abin da kowa ya sani. Mu kuwa da zarar an ce kimiyya sai mu gudu daga madafa da garke, mu tafi neman manyan kalmomi.

Akwai wani dalilin da ya sa nake nacewa a kan sauraro, kuma shi ne adalci. Rahoton bincike yana ɗauke da sunan farfesa da na ɗalibansa. Amma wanda ya fi kowa sanin muryar na'ura, sau da yawa ma'aikacin da ke kunna ta kowace safiya ne. Masanin tarihi Steven Shapin ya yi rubutu a 1989 a kan ma'aikatan da suka yi wa Robert Boyle gwaje-gwaje a Ingila a ƙarni na 17, ya nuna yadda ba a cika ambatonsu ba sai idan wani abu ya lalace ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Ilimin kunne irin ilimin waɗannan mutane ne. Ba a koyonsa a allo, sai an daɗe a gefen wanda ya iya, kamar yadda yaron maƙeri ke koyon amon ƙarfe. Idan ka shiga ɗakin bincike da ido kawai, za ka nufi ofishin mai babbar kujera. Idan ka shiga da kunne, ƙarar za ta ja ka zuwa ga wanda ke tsaye a gefen inji.

A nan ne maganar ta iso gida. Ɗakunan gwaje-gwaje na asibitocinmu da jami'o'inmu suna da sautin da ba za ka karanta a littattafan Turawa ba. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, komai ya yi ɗif. Batirin ko-ta-kwana ya fara ƙiit, ƙiit. Kowa ya kasa kunne yana jiran janareta. Tsakanin wannan ɗif da ƙugin janareta akwai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili wadda ta fara ɗumama, a cikinta akwai samfurin da wata ɗaliba ta shafe watanni tana tarawa, akwai kuma gwajin da wani mara lafiya ke jira a waje. Ana iya cika shafi goma a kan ƙarancin kuɗin bincike mai karatu bai motsa ba. Amma ka sa shi ya tsaya a cikin wannan shirun yana ƙirga daƙiƙu tare da ma'aikata, zai fahimci abin da kasafin kuɗi ke nufi. Can ana kashe dukiya don a gina shiru, nan shiru ne abin tsoro. Wannan bambancin labari ne babba, kuma mu ya kamata mu rubuta shi.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Za su ce kunne yana yaudara. Mutum biyu za su saurari abu ɗaya, kowa ya faɗi nasa. Ba a buga sauti a mujalla a auna shi da ma'auni. Shi ya sa masu nazarin kukan tsuntsaye, irin su William Thorpe na Jami'ar Kambirij a shekarun 1950, suka koma amfani da na'urar da ke mayar da kuka zane, don a iya kwatanta wannan da wancan ba gardama. Likita ma idan ya ji abin da bai gamsu da shi ba a ƙirji, hoto yake turawa a ɗauko. Na yarda da wannan duka. Hukuncin ƙarshe a kimiyya na lissafi ne da awon da wani zai iya maimaitawa. Sai dai lissafin ba ya zama abin dogaro sai na'urar da ta fitar da shi tana da lafiya, kuma kunne ne yakan fara sanin lafiyarta. Ido sai an juya shi ga abu. Kunne kuwa ba shi da murfi, yana jin bayan bango, yana kuma saurin kama abin da ya canja a cikin lokaci.

Ga misali daga ɗaya daga cikin na'urori mafi tsada da natsuwa a duniya. Cibiyar LIGO tana da na'urori biyu a Amurka, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, kowace da hannaye biyu masu tsawon kilomita 4. A ranar 14 ga Satumba 2015 suka kama, a karon farko, irin girgizar sararin samaniya da Einstein ya yi hasashenta tun 1916, daga haɗuwar wasu baƙaƙen ramuka biyu. Na'ura mai irin wannan kaifi komai yana damunta, don haka an kewaye ta da makirufo da ma'aunan girgizar ƙasa. A 2017 wasu 'yan tsalle-tsalle suka riƙa bayyana a bayanan Hanford. Da aka saurari abin da makirufo ya naɗa, sai aka ji kamar ana sara da baki. Aka bi sawu, sai ga wasu tsuntsaye dangin hankaka da ƙishirwa ta dama, suna tsattsagar ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyi a wajen ginin. Kwamfuta ta nuna cewa akwai matsala, kunne ya faɗi mai laifi.

Hujja ta biyu ta masu ja ita ce wadda ta fi shafar mu, wato sauti yana jan marubuci zuwa ƙari. Wannan gargaɗi ne na gaskiya. Girgizar da LIGO ta kama a 2015 ta tashi daga kusan sau 35 zuwa sau 250 a daƙiƙa, cikin kashi biyu bisa goma na daƙiƙa, kuma wannan yana cikin abin da kunnen mutum ke iya ji. Shi ya sa da aka tura bayanan cikin lasifika aka ji ɗan "wuup". Amma babu iska a sararin samaniya da za ta ɗauko ƙara zuwa kunnenmu. Mutane ne suka mayar da lambobi sauti. Wanda ya rubuta cewa masana sun ji kukan baƙin rami, bai ƙara wannan bayani ba, ya yaudari mai karatu. Haka a 2004, James Gimzewski da Andrew Pelling na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas suka auna rawar da bangon ƙwayar yis ke yi, kusan sau dubu a daƙiƙa, suka ƙara mata ƙarfi har ta jiyu. Da aka zuba wa ƙwayoyin sinadarin barasa sautin ya ƙara tsini, sai aka fara cewa yis na ihu. Yis ba shi da maƙogwaro kuma ba shi da jijiya. Ihun a bakin mai ba da labari yake. Dokar a nan ita ce ka riƙa tambaya: wannan sautin daga abin ya fito, ko daga na'ura, ko wani ne ya ƙirƙira shi don a fahimta? Kowanne halal ne, ɓoye wanne ne shi ne laifi.

Mayar da lambobi sauti ma yana da ranarsa. Wanda Díaz-Merced, masaniyar taurari 'yar tsibirin Puwato Riko, ta rasa ganinta tana ɗaliba, ta ci gaba da bincike ta hanyar sauraron bayanan da aka mayar sauti, har ta kai ga digirin digirgir. Kimiyyar da ta ce sai da ido kaɗai, da ta rufe mata ƙofa.

To mu Hausawa me muke da shi a hannu? Muna da kalmar "ji" kanta. Na ji ƙara, na ji ƙanshi, na ji zafi, na ji daɗi, ina jin Larabci, yaron nan ba ya ji. Wani manazarci mai suna Ian Ritchie ya lura a 1991 cewa Hausa ta kasa hanyoyin sanin duniya kashi biyu ne, gani da ji. A harshenmu, wanda ya ji ya fahimta. Muna kuma da tarin sunayen sauti waɗanda kowanne ke da gurbinsa: ƙugi daban, gurnani daban, rugugi daban, diri daban, tsuwwa da huci da kakari da fito kowanne daban. Sannan ga amsa-kama: ƙwal, tim, ƙwaram, fuu, caa, tsit. Harshen da ke rarrabe kukan yaro da itacen kuka da hawa da saukar murya kawai, bai rasa kayan aikin kwatanta muryar inji ba. Mu ne muka ajiye waɗannan kalmomi don faɗan kishiyoyi da faɗuwar kwano, idan aka zo kimiyya sai mu ce "na'urar tana fitar da wani irin sauti" mu wuce.

Dubi bambancin. Wani zai rubuta: "Ɗakin cike yake da na'urori na zamani masu ban sha'awa." Wani kuma ya rubuta: "Firiza biyu ne ke ƙugi a lungu, ta hagu muryarta ta fi kauri. Ma'aikacin ya ce ranar da ta fara tsuwwa a ƙarshen ƙuginta, ranar ya kwashe kayan ciki ya mayar ta dama." Jimla ta farko kowa zai iya rubuta ta daga kan gadonsa. Ta biyun sai wanda ya je, ya tsaya, ya tambaya. Amma a kula, amsa-kama kamar yaji ne. Ɗaya a inda ya dace ya wadatar, biyar a sakin layi ɗaya kuwa sun mayar da rubutun tatsuniya.

Ga wanda zai gwada, ga 'yan shawarwari. Nemi izini kafin ka shiga, kuma kada ka naɗi muryar kowa da waya sai ya sani ya yarda. A ɗakin gwajin asibiti za ka ji ana kiran sunayen marasa lafiya da sakamakonsu, wannan amana ce, ba ta shiga rubutu. Da ka shiga, rufe littafinka na minti goma, ka tsaya wuri ɗaya. Bayan nan ka ware abin da ka ji: wanda ba ya yankewa, wanda ke zuwa yana komawa, da wanda ya faɗo sau ɗaya. Ka lura da muryoyin mutane ma, waye ke ɗaga murya, waye ke raɗa, da wane harshe ake ba da umarni, da wanne ake zolaya. Sannan ka sami ma'aikacin da ya fi daɗewa ka yi masa tambaya biyu: wace ƙara ce idan ka ji ta gabanka ke faɗuwa, kuma wacce ce idan ka daina jin ta za ka tashi da gudu? In da hali ka koma a wani lokaci dabam, don ɗakin da ka saurara da hantsi ba shi ne na bayan la'asar ba.

Aikin wannan mako ke nan. Wanda ke da hanyar shiga ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ko na asibiti, ya fara da can. Wanda ba shi da ita, wurin niƙa ko shagon tela ko maɗaba'a duk sun isa a koyi hannu. A rubuta kalmomi 200, ba tare da an ambaci launin komai ba, kuma a tabbata akwai mutum ɗaya a ciki wanda ya san ma'anar abin da ake ji. A ajiye a ƙarƙashin wannan maƙala, mu karanta wa juna mu yi gyara.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.